Gawa a Ɗakin Limami, Tsohuwa a Lambu: Fashin Baƙi Kan Labarin Binciken Kisa Mai Sanyi

Ranar wata Laraba, a wani ƙauyen Ingila mai suna St Mary Mead, limamin cocin garin yana zaune da iyalinsa yana yayyanka naman abincin rana, sai bakinsa ya suɓuce ya ce duk wanda ya kawar da Kanar Protheroe daga doron ƙasa ya yi wa duniya alheri. Washegari da yamma ya dawo gida ya tarar da Kanar ɗin kife a kan teburin rubutu, a cikin ɗakin karatun shi limamin, harsashi ya huda masa kai. Daga nan Agatha Christie ta ɗauko zaren littafinta The Murder at the Vicarage na 1930, wato kisa a gidan limami. Ƙauyen ƙagagge ne, babu shi a taswira, amma tsarin da ta shimfiɗa a cikinsa ya kusa shekara 100 yana raye, har yau marubuta a Ingila da Amurka da shi suke cin abinci.

Turawa suna kiran irin wannan labari "cozy mystery". Kalmar farkon ita ce mai wuyar kamawa. Tana nufin irin daɗin da mutum yake ji a daren hunturu idan ya turo ƙofa, ga kaskon garwashi a gefe, ya ja mayafi, iska tana ta kaɗawa a waje amma ba ta iske shi. Sai a ɗauki wannan daɗi a haɗa shi da kisan kai. Duk wanda ya fara jin haka dole ya yi turus, don a hankalce gawa da natsuwa ba sa zama inuwa ɗaya. Ni dai zan kira shi labarin bincike mai sanyi. A zamanin da Christie ta rubuta wancan littafi ba a san shi da wannan suna ba; daga baya aka laƙaba shi, domin a raba shi da labaran 'yan sanda masu jini da harbe-harbe.

Siffofinsa ba su da yawa. Wurin ƙarami ne, kowa ya san kowa: ƙauye, ko gidan wani attajiri a karkara, ko unguwar da tsofaffi ke zaman ritaya. Waɗanda ake zargi ba sa wuce a ƙirga su da yatsu, kuma mai karatu ya gaisa da su tun farkon labari. Shi kansa kisan a bayan labule ake yin sa, ba a nuna maka fitar rai ko malalar jini, kuma ba batsa ba ashar. Sannan wanda zai kwance ƙullin mutum ne kawai daga cikin jama'a: tsohuwa, ko mai gidan burodi, ko mai kula da laburare. A nan ya raba hanya da Sherlock Holmes da Hercule Poirot, shahararrun ƙagaggun masu bincike na labaran Ingila, domin su bincike sana'arsu ce, ƙofarsu ake ƙwanƙwasawa a kawo musu aiki. Poirot ma tsohon ɗan sandan Beljiyam ne.

Wannan siffa ta ƙarshe ita ce ginshiƙin ginin, ita ce kuma mafi wuyar gaskatawa. Ta yaya tsohuwar da ba ta da ikon tsare kowa, ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, ba ta iya ɗaukar zanen yatsa ba, za ta riga hukuma gano mai laifi? Amsar tana cikin littafin nan na 1930. Wanda bai karanta ba ya yi mini afuwa, zan tona ƙarshensa, don irin wannan labari ba ya fasuwa sai an buɗe cikinsa.

A kan teburin da aka sami gawar akwai agogo da ya faɗi ya tsaya a ƙarfe 6:22. Sufeto Slack, ɗan sandan da aka turo, yana ganin agogon ya ce shi ke nan, ga lokacin kisa. Limamin ya buɗe baki zai yi magana, Sufeto ya katse shi. Ya sake gwadawa, aka sake katse shi. Abin da yake son faɗa shi ne da gangan ake ajiye agogon nan gaba da minti 15, don ya riƙa kama lokaci. Mutanen gidan duk sun sani. Wanda bai sani ba shi ne baƙo, baƙon kuwa shi ne aka damƙa wa bincike. Sufeton ba rago ba ne, mutum ne mai kazar-kazar, ba ya zama. Abin da ya rasa shi ne kunnen sauraro da zaman gari. Da ɗan gari akan ci gari.

Miss Jane Marple kuwa gidanta yana jikin gidan limamin. Tsohuwa ce da ba ta taɓa aure ba, wuni take yi a lambu tana cire ciyawa, ga madubin hangen nesa da take kallon tsuntsaye da shi, wanda kuma yake nuna mata abin da ya fi tsuntsaye. Da yammacin ranar kisan, Anne, matar Kanar ɗin, ta biyo ta gefen lambun, ta tsaya suka gaisa, ta ce ta zo ne su koma gida tare da mijinta. Da aka zo tambaya, tsohuwar ta ba da shaida cewa Anne ba ta ɗauke da bindiga: rigarta mai kama jiki ce, ba inda za a soke wani abu, kuma ko jaka ba ta riƙe ba. Wannan shaida ta taimaka wajen wanke Anne. Amma abin ya tsaya wa tsohuwar a rai. Wace mace ce za ta shirya ta shigo gari hannu rabbana, ba jaka? Ɗan sanda yana neman abin da yake nan ne, ya ɗauka ya sa a ambulan. Wannan kuwa abu ne da babu shi. Sai macen da ta yi shekara da shekaru tana kallon mata ce za ta gane cewa rashin jakar kansa magana ce. Anne da gangan ta bar jakar a gida, da gangan kuma ta tsaya gaisuwa, saboda ta san idon tsohuwar ba ya kuskure, tana so ta mayar da ita shaidarta. Bindigar tuni masoyinta, wani mai zane da ake kira Lawrence Redding, ya ɓoye ta a cikin tukunyar shuka da ke kusa da tagar ɗakin.

Akwai dabara ta biyu a kan wannan. Tun da wuri Redding ya je ya ce shi ya yi kisan. Ita ma Anne ta ce a'a, ita ce. Aka duba, bayanansu ba su hau kan abin da aka gani ba, aka ce kowanne yana son ya fanshi ɗan'uwansa ne, aka sake su. Mai karatu ma sai ya soke sunayensu daga zuciyarsa, ya tafi yana zargin mataimakin limami da 'yar Kanar da sauran mutanen gari. Miss Marple ta ce mutum bakwai take zargi, amma tunaninta bai daina komawa kan abin da ya fi kusa ba: mace tana son wani, mijinta ya tsaya musu a gaba, akwai dukiya. Sun faɗi gaskiya ne a lokacin da suka tabbata ba za a yarda da ita ba.

Ilimin da wannan tsohuwa take aiki da shi ilimin mutane ne. Hanyarta ita ce kwatance: duk wanda ta gani sai ya tuna mata da wani a ƙauyensu, mai kanti ko 'yar aiki ko malamin makaranta, da abin da ya taɓa aikatawa. Ta yi imani hali iri ɗaya ne a ko'ina, wanda ya san ƙauye ɗaya ciki da bai ya san duniya. Christie ta ce ta ɗauko wani ɓangare na halin ne daga kakarta da ƙawayenta, ta kuma ce kakar tata mace ce mai fara'a amma kullum mummunan zato take yi wa kowa, kuma sau da yawa zaton ya fito daidai. Mai karatun Hausa ba zai sha wuyar gane wannan mata ba. Unguwanninmu sun san dillaliyar da ke shiga gida-gida da ƙullin atamfa da kwanuka, wadda ta san wadda ta sayar da sarƙarta a ɓoye da wadda ta yi sabon gado alhali maigidan yana kukan babu. Sun san tsohuwar da ke zaune a ƙofar ɗaki tana kaɗi, ana ta zuba a gabanta kamar babu kowa. Ba a rufe mata baki saboda ba a sa ta a lissafi. Wannan raini shi ne makaminta, shi ne kuma abin da ɗan sanda ba zai taɓa samu ba, don da zarar an ga kaki kowa ya kama bakinsa.

Tun fitowarta ta farko, a wani gajeren labari da aka buga a mujalla a watan Disamba na 1927, haka aka gabatar da ita. Mutane ne suka taru a falonta, cikinsu har da tsohon shugaban 'yan sandan Scotland Yard, wato hedkwatar 'yan sandan Landan, da lauya, da malamin coci, da ɗan ɗan'uwanta marubuci. Suka shirya kowa ya kawo wani lamari mai ɗaure kai a warware. Da ana ƙirga 'yan wasan saura ƙiris a manta da ita, tana gefe da saƙarta. Ita ce ta warware kowane. Ba ita ce ta farko a wannan layi ba. Tun 1897 wata marubuciyar Amurka, Anna Katharine Green, ta ƙago Amelia Butterworth, dattijuwa marar aure mai sa ido a kan maƙwabta a birnin New York. Amma Marple ce ta zama ma'auni, da littattafai 12 da gajerun labarai 20.

Sai dai sanin mai laifi daban, tabbatarwa daban. Wannan shi ne raunin mai binciken sa-kai, kuma kowane marubuci sai ya nemo masa mafita. Marple ta san Anne da Redding ne, amma rashin jaka ba hujja ba ce a gaban alƙali. Don haka ta ba da shawara a ɗana tarko: a sa labari ya kai kunnen Redding cewa akwai wanda ya ga wani abu, a bar tsoro ya yi aikinsa. Ya garzaya wurin Anne da dare, 'yan sanda suna laɓe suna ji. Da aka zo shari'a, Sufeto Slack aka yaba wa, ba a ko ambaci sunan tsohuwar ba. Abin da ya sa kusan duk labarin irin wannan yake ƙarewa da tarko ko furuci ke nan: mai binciken ba shi da ikon tilasta kowa, dole mai laifin ya tona kansa da bakinsa.

Wani ɓangaren daɗin yana cikin alkawarin da ke tsakanin marubuci da mai karatu. Labarin kacici-kacici ne, kuma kacici-kacicin da aka ɓoye rabinsa zalunci ne. A 1929 wani limamin Katolika a Ingila, Ronald Knox, wanda shi ma yana rubuta labaran bincike, ya tsara dokoki 10. Daga ciki: dole a ambaci mai laifin tun farkon labari, ba aljanu ba tsafi, ba a yarda da ƙofar sirri fiye da ɗaya ba, ba gubar da kimiyya ba ta sani ba, kada sa'a ko wahayi su warware wa mai bincike matsala, duk alamar da ya gani dole a nuna wa mai karatu, kada a fito da tagwaye kwatsam ba tare da an share fage ba. Akwai doka guda da ta hana sa mutumin Sin a labari, wadda ke nuna yadda littattafan kasuwa na lokacin suka saba jibga laifi a kan baƙin fuska. A 1930 aka kafa ƙungiyar marubutan labaran bincike mai suna Detection Club a Landan, G. K. Chesterton ya zama shugabanta na farko, Christie da Dorothy L. Sayers suna cikin mambobi, kuma sabon shiga yakan yi rantsuwar ba zai yaudari mai karatu ba. Gwanintar marubuci ita ce ya ajiye maka hujja a gaban idonka, kamar jakar nan, sannan ya ja hankalinka wani gefe da sawun bogi. Idan ka kai ƙarshe ka koma baya, ka tarar komai yana nan an faɗa maka.

Guba ta samu gurbi babba a wannan fanni, kuma da dalili. Christie, wadda aka haifa a Torquay a 1890, ta yi aikin jinya a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya ta koma ɗakin haɗa magani na asibiti, inda ta koyi awon da ke warkarwa da awon da ke kashewa. Littafinta na farko na 1920 a kan guba ya ginu. A Yaƙin Duniya na Biyu ta sake yin wannan aiki a wani asibitin koyarwa a Landan. Guba ba ta buƙatar ƙarfi, don haka tsohuwa da yarinya da gurgu duk suna iya shiga zargi. Ba ta barin jini a ƙasa. Mafi muhimmanci, tana shiga ta kofin shayi ne, wanda kuwa yake miƙa maka shayi na gida ne. Ta ƙware a bayanin har ya wuce takarda: a shekarun 1970 an kai wata ƙaramar yarinya daga Katar asibiti a Landan, likitoci suka kasa gano ciwonta, sai wata nas da ke karanta littafin Christie na 1961, The Pale Horse, ta lura alamomin sun yi kama da na gubar taliyam da aka siffanta a ciki, har da zubar gashi. Aka gwada, ita ce, yarinyar ta rayu.

Shi ma wanda ake kashewa ba a zaɓensa da ka. Kanar Protheroe alƙalin majistare ne kuma jigo a coci, mai tsawa, mai taurin zuciya, ba mai son sa ko a cikin gidansa. Wannan yana yin aiki biyu: yana raba dalilin kisa ga mutane da yawa, yana kuma rage wa mai karatu baƙin ciki. Da yaro ne aka kashe, ko uwar da 'ya'yanta ke kuka a kanta, da sanyin ya gudu.

Me ya sa Ingila ta rungumi irin wannan labari tsakanin 1920 da 1939, lokacin da ake kira zamanin zinariya na labaran bincike? Yaƙin 1914 zuwa 1918 ya ci sojojin Birtaniya sama da 700,000. Kusan babu ƙauyen da bai kafa dutsen tunawa da matattunsa ba. Ƙidayar 1921 ta nuna mata sun fi maza yawa da sama da miliyan ɗaya da rabi a Ingila da Wales. Mutanen da suka ga mutuwa ta ɗebi dubbai a wuni guda, ba dalili ba bayani, su ne suka riƙa sayen littafin da mutum ɗaya tak yake mutuwa a ciki, mutuwar tana da dalili, akwai mai alhaki, kuma kafin shafin ƙarshe an san shi. A ganina nan ne asalin sanyin yake. Mawaƙin Ingila W. H. Auden, wanda ya amsa cewa karanta waɗannan labarai ya zame masa jaraba kamar taba, ya rubuta a 1948 cewa ya kamata wurin ya yi kama da aljanna, don gawar ta zama abin da bai dace da wurin ba. Kisan yana sa kowa ya zama abin zargi, maƙwabci yana kallon maƙwabci. Aikin mai bincike shi ne ya tattara laifin ya ɗora a kan mutum ɗaya, a fitar da shi, sauran su koma gaisawa da zuciya ɗaya.

Masu suka ba su yi shiru ba. A 1944 Raymond Chandler, marubucin Amurka mai labaran titi masu zafi, ya ce labaran Ingila sun mayar da kisa wasan falo, ana kawo gawa ne kawai don a samu abin warwarewa, ya kuma yaba wa marubucin Amurka Dashiell Hammett da ya mayar da kisa hannun irin mutanen da ke aikata shi da gaske. A 1945 mai sharhi Edmund Wilson ya tambaya a mujallar New Yorker wa ma ya damu da wanda ya yi kisan. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, har fiye da yadda masoya fannin suke son amsawa. A 1930 hukuncin kisan kai a Ingila rataya ne; sai a 1965 aka dakatar da shi, a 1969 aka soke shi dindindin. Wato duk lokacin da tsohuwa mai saƙa ta nuna mutum da yatsa, igiya ce take jiransa, amma labarin yana rufe labule kafin a kai can. 'Yan aiki kuma sau da yawa abin dariya ne a waɗannan littattafai, ko kayan ɗaki masu numfashi. Kukan iyalan mamaci ba ya wuce layi biyu.

Duk da haka ina ganin Chandler ya tsallake wata gaskiya da fannin ya riƙe gam. Labarin titi yana cewa hatsari yana waje, cikin duhu, a hannun ɗan daba. Labarin Marple yana cewa duba wanda kuke cin tuwo a kwano ɗaya. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan shekarar 2023 ya ƙiyasta cewa an kashe mata da 'yan mata kimanin 85,000 da gangan a duniya, kuma kusan 51,100 daga cikinsu, wato kashi 60 cikin 100, miji ko saurayi ko wani ɗan'uwa ne ya kashe su. Gado, kishi, tsoron tonon asiri, gajiya da zama da wani: waɗannan su ne dalilan da ke cikin littattafan Christie, kuma ba ƙage ba ne. Sanyin yana cikin yadda ake ba da labarin. Abin da yake faɗa game da ɗan Adam kuwa ba sanyi a cikinsa ko kaɗan. Ba banza ba babban taron masoya fannin a Amurka, wanda aka fara a 1989 a yankin Washington, ake kiransa Malice Domestic, wato mugunta ta cikin gida. Shi ne ke ba da kyautar Agatha ga labaran da ba su da batsa ko zubar da jini fiye da kima.

A hannun Amurkawa fannin ya zama kasuwa. Daga 1984 zuwa 1996 tashar CBS ta nuna shirin Murder, She Wrote, kashi 264, inda Angela Lansbury ta fito a matsayin Jessica Fletcher, bazawara mai rubuta labaran bincike a wani ƙagaggen garin bakin teku a jihar Maine. Daga nan jerin littattafai suka yi ta tsiro, kowanne da sana'arsa: mai gasa biskit, mai shagon zare, mai kantin littattafai, ɗan jarida mai kyanwoyi. Wasu ma suna sa bayanin yadda ake girka abincin da aka ci a labarin. Sana'ar tana da amfani, ita ce ƙofar da ke shigar da jarumar gidajen mutane ba tare da an tsargu ba, kamar ƙullin dillaliya. Amma jeri yana da ciwonsa. Garin da bai fi a zagaye shi da ƙafa ba, a ce kowace shekara sai an tsinci gawa, kuma kullum mace ɗaya ce take tuntuɓe da ita. Masu karatu sun san wannan sarai, sun yafe, domin abin da ke dawo da su shi ne mutanen garin da suka saba da su. A nan ne nake ganin da yawa daga littattafan baya-bayan nan suka yi sake: sun riƙe shayi da kyanwa da biskit, sun saki idon nan mai kaifi da ya lura da jaka.

Afirka ma ta samu rabonta. A 1998 Alexander McCall Smith, wanda aka haifa a Bulawayo kuma ya koyar da shari'a a Botswana, ya ƙago Mma Precious Ramotswe, wadda ta sayar da shanun gadon mahaifinta ta buɗe ofishin bincike a Gaborone. Ita ana biyanta, kuma yawancin aikinta ba kisa ba ne, mazan da suka ɓace ne da 'yan damfara. Amma jarinta irin na Marple ne: sanin mutane da iya zama a sha shayi a saurara.

Wanda ya sake tayar da fannin a Ingila shi ne Richard Osman, da littafinsa The Thursday Murder Club na 2020, wanda Netflix ta mayar fim a 2025. Tsofaffi huɗu ne a wata unguwar masu ritaya a yankin Kent: tsohuwar jami'ar leƙen asiri, tsohuwar nas, likitan ƙwaƙwalwa, da tsohon jagoran 'yan ƙwadago. Duk ranar Alhamis suna haɗuwa su tattauna tsofaffin shari'o'in kisa da ba a warware ba, har kisa na gaske ya zo ƙofarsu. Makaminsu shi ne irin na Miss Marple: an ɗauka tsufa ya gama da su, 'yan sanda suna sakin baki a gabansu. Abin da Osman ya ƙara shi ne abin da masu suka suka ce fannin yana gudu. A unguwar tsofaffi mutuwa maƙwabciya ce. Ƙawar da suka kafa ƙungiyar da ita, tsohuwar 'yar sanda, tana kwance a ɗakin jinya ba ta san inda kanta yake ba, mijinta yana zaune a gefen gadonta kullum. Ita kuma Elizabeth, tsohuwar jami'ar leƙen asirin, jagorar tasu, wadda ba a iya ɓoye mata komai a waje, idan ta dawo gida da dare aikinta shi ne ta ɓoye wa mutane cewa mijinta Stephen ya fara mantuwa, don kada a raba ta da shi.